Bitar Rumbunan Sunayen Tsirrai na Kew: Na Gwada Su da Sunan Wani Tsiro Mai Cin Ƙwari

Duk wanda ya taɓa koyar da ilimin tsirrai ya san cewa tambayar da ɗalibi yake fara yi idan ya ga sunan kimiyya a kan allo ita ce, mene ne ma'anarsa, kuma wa ya raɗa shi. Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki makonni ina amfani da wasu rumbunan bayanai guda biyu da ke intanet, waɗanda Lambun Tsirrai na Masarauta da ke Kew a birnin Landan yake kula da su, wato IPNI (International Plant Names Index) da POWO (Plants of the World Online). Na zaɓi in gwada su da sunan tsiro ɗaya tak, Triphyophyllum peltatum, wanda yake cin ƙwari kuma yake fitowa a dazuzzukan Gini da Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa, sannan na ƙara da wasu 'yan sunaye kaɗan daga cikin tsirrai masu irin wannan ɗabi'a domin in tabbatar da abin da na gani. Hukuncina shi ne cewa rumbunan biyu amintattu ne ƙwarai wajen nuna yadda ake amfani da suna da kuma tarihinsa, amma ma'anar kalmomin sai mutum ya taka da ƙafarsa ya nemo ta, ko da yake su ne za su nuna masa hanya.

IPNI kundi ne na sunayen da aka taɓa wallafawa na tsirrai masu jijiyoyin ɗaukar ruwa, kuma haɗin gwiwa ne tsakanin Kew da ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Harvard a Amurka da takwararta ta ƙasar Ostareliya. Tushensa tsohon kundin nan ne mai suna Index Kewensis, wanda aka fara bugawa tsakanin 1893 da 1895 da kuɗin da Charles Darwin ya tanada domin wannan aiki. Abin ya burge ni, domin shi Darwin ɗin ne ya wallafa littafi guda a kan tsirrai masu cin ƙwari a 1875, saboda haka mai neman sunan irin waɗannan tsirrai a yau yana cin moriyar mutumin ta fuska biyu. Shi kuwa POWO an buɗe shi a watan Maris na 2017, kuma da tsirran Afirka masu zafi aka fara cika shi, abin da ya sa mai bincike daga yankinmu yake samunsa da amfani tun daga ranar farko. Dukansu kyauta ne, ba a buƙatar rajista kafin a bincika, kuma suna buɗewa a wayar hannu, sai dai duk bayanansu da Turanci suke.

Bambancin aikinsu shi ne abin da ya kamata sabon mai amfani ya fara ganewa, domin rashin gane shi yana sa a zargi kayan aiki da laifin da ba nasa ba. IPNI ba ya yanke hukunci a kan wane suna ne daidai. Aikinsa kamar na magatakarda ne da ke riƙe da rajistar haihuwa: ya rubuta cewa wane ya wallafa suna kaza, a littafi ko mujalla kaza, a shafi kaza, a shekara kaza. POWO ne yake faɗin sunan da aka amince da shi a yanzu, ya jera sauran sunayen da aka taɓa kiran tsiron da su a ƙarƙashinsa, ya nuna danginsa, sannan ya kawo taswirar ƙasashen da yake fitowa, inda launin kore yake nuna asalinsa, launin shunayya kuma yake nuna wuraren da mutane suka kai shi.

Da na rubuta sunan tsiron da na zaɓa, cikakken abin da ya fito shi ne Triphyophyllum peltatum (Hutch. & Dalziel) Airy Shaw. Mutane da yawa suna tsayawa a kalmomi biyu na farko su watsar da sauran, alhali kuwa a wutsiyar nan ce tarihin yake. Sunayen da ke cikin baka biyu na mutanen da suka fara bayyana tsiron ne a ƙarƙashin wani jinsi dabam, na waje kuma na wanda ya ɗauke shi ya mayar da shi inda yake a yanzu ne. John Hutchinson da John McEwen Dalziel ne suka kira shi Dioncophyllum peltatum a 1927, sai Herbert Airy Shaw, wani masani na Kew, ya ga cewa ya bambanta da sauran har ya cancanci jinsinsa shi kaɗai, ya wallafa sabon sunan a 1952. Dokar raɗin suna ta tilasta a riƙe kalma ta biyu idan an sauya jinsi, matuƙar babu abin da ya hana, shi ya sa peltatum ta bi tsiron zuwa sabon gidansa tare da sunayen waɗanda suka raɗa ta. Rumbunan biyu sun nuna wannan alaƙa a fili, kuma da dannawa ɗaya mutum yake tashi daga sabon suna ya koma tsohon. A wannan fanni ban ga abin kushewa ba.

Sunan Dalziel ya tsayar da ni, domin ba baƙo ba ne ga ƙasar Hausa. Likita ne ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a zamanin mulkin mallaka, yana tattara tsirrai yana rubuta sunayensu da bakin mutanen da ya tarar, kuma a 1916 ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary, wanda har yau masu nazarin magungunan gargajiya suke komawa gare shi. Itacen hano, wanda wasu suke kira ararrabi, yana ɗauke da sunansa a kimiyyance, wato Boswellia dalzielii. IPNI yana da sashe na musamman na masu raɗin suna, inda ake ganin cikakken sunan mutum da shekarun haihuwarsa da rasuwarsa da kuma daidaitacciyar hanyar taƙaita sunansa, kuma a nan ne za a ga cewa Dalziel ya rayu daga 1872 zuwa 1948. Wannan sashe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin harafi ɗaya yana raba mutum biyu: L. shi kaɗai Linnaeus ne, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin da ya kafa wannan tsari na raɗin suna, L.f. kuma ɗansa ne, haka nan Hook. da Hook.f. uba ne da ɗa.

Da na zo ga ma'anar kalmomin, sai na tarar babu wani gurbi a shafin da aka keɓe domin bayanin asalin suna. Wannan tsarin aikin ne haka, tunda kundin rajista ne, amma ya kamata mai shiga ya sani tun da wuri domin kada ya ɓata lokaci yana nema. Ma'anar kuwa tana da daɗi idan an samo ta. Triphyophyllum haɗin kalmomin Girkanci ne da ke nufin mai fitar da ganye iri uku, kuma sunan ya faɗi gaskiya. Tun tsiron yana ƙarami yakan fitar da dogayen ganye na yau da kullum masu kama da tsinin mashi. A wani mataki na rayuwarsa sai ya fitar da wasu sirara kamar bulala, cike da ƙananan ƙuraje masu tsatso ruwa mai danƙo, waɗanda suke kama ƙwaro su narkar da shi. Idan ya girma ya zama kuranga mai hawa itatuwa zuwa tsawon mita gommai, sai ganyensa ya koma mai ƙugiya biyu a baki, wadda yake maƙalewa da ita. Tsohon sunan, Dioncophyllum, yana nufin ganye mai ƙugiya biyu, wato ya kalli mataki na uku kaɗai, yayin da sabon sunan ya tattara rayuwar tsiron gaba ɗaya. Ita kuwa peltatum daga kalmar pelta take, ƙaramar garkuwa, kuma masana suna amfani da ita ga duk abin da yake faffaɗa wanda maɗaurinsa yake a tsakiya, siffar da ta dace da ƙwayar irin wannan tsiro, wadda take kama da faifai.

Akwai wani abu a nan da nake ganin ya cancanci a lura da shi. Babu ko kalma ɗaya a cikin sunan da ta ambaci cin ƙwari, domin sai a 1979 aka tabbatar a kimiyyance cewa waɗannan siraran ganyen tarko ne, shekaru 27 bayan Airy Shaw ya raɗa sunan. Kuma a 2023 ne masu bincike daga jami'o'in Hannover da Würzburg a Jamus suka nuna cewa ƙarancin sinadarin fosfaras a ƙasa shi ne yake sa tsiron ya fitar da ganyen tarkon. Sani ya ƙaru sau biyu, sunan bai motsa ba, kuma haka dokar take so. Har ma tsohon sunan jinsin bai ɓace gaba ɗaya ba, domin yana nan a sunan dangin, Dioncophyllaceae, yana nan kuma a sunan sinadaran dioncophylline da ake samu daga tsiron, waɗanda aka yi ta bincikensu a ɗakunan gwaji dangane da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro.

Hanyar da rumbunan suke taimakawa wajen gano ma'ana ita ce ta nuna ainihin wurin da aka fara wallafa sunan, kuma ga tsofaffin sunaye da yawa IPNI yana da mahaɗi kai tsaye zuwa hoton shafin a ɗakin karatu na intanet mai suna Biodiversity Heritage Library. Wannan shi ne abin da na fi so a cikin hidimar gaba ɗaya. Mutum yana zaune a Zariya ko Maraɗi ya buɗe shafin littafin da aka buga fiye da shekara ɗari biyu da saba'in da suka wuce, ya karanta da idonsa abin da mai raɗin sunan ya rubuta, ba tare da dogaro da ruwayar wani ba. Sai dai tsofaffin rubuce-rubucen ne suka fi samuwa a buɗe. Mujallun tsakiyar ƙarni na 20 sau da yawa haƙƙin mallaka yana rufe su, kuma mafi yawan tsofaffin da Latin aka rubuta su. Daga 1935 har zuwa ƙarshen 2011 wajibi ne bayanin sabon tsiro ya kasance da Latin, sai daga 1 ga Janairun 2012 aka yarda da Turanci ma.

Na gwada wannan hanya da Nepenthes, jinsin tsirran nan masu tarko kamar tulu da ke rataye a bakin ganye, waɗanda suka fi yawa a kudu maso gabashin Asiya, da kaɗan a Madagaska da Siri Lanka da Ostareliya. IPNI ya kai ni ga littafin Linnaeus mai suna Species Plantarum na 1753, inda aka ambaci Nepenthes distillatoria ta Siri Lanka. Wannan daidai ne, domin ranar 1 ga Mayun 1753 ce aka ɗauka a matsayin mafarin sunayen irin waɗannan tsirrai, duk abin da ya gabace ta ba shi da matsayi a doka. Amma dalilin raɗin sunan yana cikin wani littafin da Linnaeus ya rubuta kafin nan, Hortus Cliffortianus, mai ɗauke da shekarar 1737. Kalmar Girkanci ce mai nufin rashin baƙin ciki, kuma ta fito ne daga tsohuwar waƙar Homer, mawaƙin Girkawa na dā, inda Helen ta zuba wani magani da ta samo daga Masar a cikin abin shan baƙinta domin ya mantar da su damuwa. Linnaeus ya bayyana cewa masanin tsirran da ya sha wahalar doguwar tafiya, idan ya yi arba da wannan tsiro, mamaki zai mantar da shi duk abin da ya sha. Ke nan ma'anar tana zaune taki ɗaya kafin inda rajistar ta fara, kuma wanda ya tsaya a 1753 ba zai same ta ba. POWO kuwa ya nuna amfaninsa a wani ɓangaren: ya jera Bandura da Phyllamphora a matsayin sunayen da aka ajiye. Na biyun, wanda João de Loureiro ya raɗa a 1790, yana nufin ganye mai tulu, kuma a gaskiya ya fi Nepenthes bayyana siffar tsiron nesa ba kusa ba, amma na Linnaeus ya riga shi, dokar kuwa wanda ya riga ta sani.

Misalin da ya fi nuna cewa ma'ana da amfani abubuwa biyu ne dabam shi ne Dionaea muscipula, tsiron nan na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka wanda ganyensa yake rufewa kamar baki idan ƙwaro ya taɓa gashin da ke cikinsa. John Ellis ne ya wallafa sunan a 1768, kuma rajistar ta nuna wani abin mamaki, cewa a cikin wata jaridar Landan aka fara buga shi. Dionaea laƙabi ne na allahiyar Girkawa Afrodita, wato 'yar Dione. Ita kuwa muscipula a Latin tarkon ɓera take nufi, domin mus shi ne ɓera, musca kuma ƙuda, alhali kowa ya san tsiron da kama ƙudaje. Ba wanda ya isa ya gyara wannan a yau, tunda dokar sunayen tsirrai ta faɗa ƙarara cewa ba a watsar da halattaccen suna don kawai bai dace da tsiron ba ko don akwai wanda ya fi shi kyau. Haka nan Aldrovanda, tsiron ruwa mai tarko irin na Dionaea: Gaetano Lorenzo Monti ya kira shi Aldrovandia domin girmama masanin Italiya Ulisse Aldrovandi, harafin i ya faɗi a rubutun Linnaeus na 1753, kuma rubutun da ya rasa harafin shi ne halattacce har gobe.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, domin muna da tsirrai masu cin ƙwari a Afirka ta Yamma, kuma sunayensu suna iya ɓatar da mai karatu. Drosera daga kalmar Girkanci mai nufin raɓa take, saboda ɗigon ruwa mai danƙo da ke ƙyalli a gashin ganyenta kamar raɓar safiya. Nau'o'i biyu da ake samu a Nijeriya su ne Drosera indica da Drosera madagascariensis. Wanda ya bi ma'anar kalma zai ɗauka ɗaya ta Indiya ce ɗaya kuma ta Madagaska, amma taswirar POWO tana nuna su a faɗin Afirka masu zafi a matsayin 'yan asali. Sunan wuri a cikin sunan kimiyya galibi yana nuna inda aka samo samfurin da aka fara bayyanawa ne, bai nuna iyakar inda tsiron yake fitowa ba. Sai kuma Utricularia, wadda nau'o'inta suke shawagi a tafkuna da kududdufai da fadamu a yankinmu, ɗauke da ƙananan jakunkuna masu zuƙe 'yan halittun ruwa cikin ƙiftawar ido. Sunanta daga utriculus ne, ƙaramar jakar fata ta zuba ruwa, kuma ban taɓa samun fassarar da ta fi "'yar salka" dacewa da ita ba. Duk lokacin da na faɗa wa ɗalibai haka, sunan yakan zauna musu daram, domin sun san salka, sun kuma ga yadda jakar take.

Taswirar tana da iyaka guda da ya kamata mai amfani daga nan ya riƙe a zuciyarsa. Ta ɗauki Nijeriya a matsayin yanki ɗaya, Nijar ma haka, saboda haka idan an shafa wa ƙasar launin kore, wannan bai bambanta tsiron da ke tsaunin Mambila ko Filato da wanda ke fadamar Haɗeja ba. Ga ƙasar da ta taso daga kurmin bakin teku har zuwa gefen sahara, wannan ma'auni ya yi faɗi, kuma malamin da yake son ya kai ɗalibansa su ga tsiron da idonsu sai ya haɗa da bayanan samfuran da ke ma'ajiyar busassun tsirrai ta jami'a mafi kusa da shi. Haka kuma wanda zai fara daga sunan Hausa ya nemi na kimiyya zai fi samun biyan buƙata a littattafai irin na Dalziel, sannan ya kawo sunan da ya samu zuwa POWO ya duba ko har yanzu shi ne karɓaɓɓe, domin a cikin shekaru fiye da ɗari sunaye da yawa sun sauya gida kamar yadda Dioncophyllum peltatum ya yi.

Ta fuskar rubutu, rumbunan sun zame mini ma'auni da nake komawa gare shi kafin in sa kowane suna a takardar darasi. Kalmar farko, sunan jinsi, da babban baƙi take farawa, ta biyu kuma da ƙarami ko da sunan mutum ne ko na ƙasa, shi ya sa ake rubuta Nepenthes attenboroughii, wadda aka bayyana a 2009 daga tsibirin Palawan na Filifin domin girmama David Attenborough, mai shirye-shiryen talabijin kan namun daji ɗan Birtaniya, da ƙaramin a. Kalmomin biyu ana sa su cikin rubutun tsutsa ko a ja musu layi idan da hannu ake rubutu, amma sunayen masu raɗi ana barin su a miƙe. Bayan an ambaci cikakken suna sau ɗaya, ana iya taƙaita jinsin, a ce T. peltatum. Ƙarshen kalma ta biyu yana bin jinsin nahawu na ta farko, abin da Bahaushe ba zai sha wahalar ganewa ba tunda shi ma yana cewa farin doki da farar goɗiya: Triphyophyllum ya ɗauki peltatum, Drosera kuma ta ɗauki peltata, kuma akwai nau'in Drosera mai wannan suna a Ostareliya. Injin binciken yana son a rubuta suna daidai, saboda haka idan ana shakkar harafi, ya fi sauƙi a rubuta sunan jinsin kaɗai a zaɓi nau'in daga jerin da zai fito.

Ina ba malaman sakandare da ɗaliban jami'a da masu nazarin magungunan gargajiya shawarar su riƙa farawa da POWO domin su san sunan da ake amfani da shi da inda tsiron yake, sannan su wuce IPNI su ga wanda ya raɗa shi da shekarar, daga nan su bi mahaɗin zuwa ainihin shafin idan yana buɗe, da ƙamus na Latin da Girkanci na masana tsirrai a gefensu. Da wannan tsari na rubuta wa ɗalibaina katin tsiron da na fara da shi, kuma ga abin da ke kansa: Triphyophyllum peltatum (Hutch. & Dalziel) Airy Shaw, mai ganye iri uku da ƙwayar iri kamar garkuwa, an fara bayyana shi a 1927, an sauya masa jinsi a 1952, ɗan asalin dazuzzukan Gini da Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa.